"Wanda ya yi magana a fannin da ba nasa ba zai zo da abin mamaki": wa ya faɗa, kuma me yake nufi?

Wani ɗan uwa ne ya turo tambaya, yace maganar nan da malamai da ɗalibai suke yawan jefa wa juna, "man takallama fi gairi fannihi ata bil aja'ib", wato duk wanda ya yi magana a fannin da ba nasa ba toh zai zo da abubuwan ban mamaki, wai hadisi ce ko ƙaulin wani malami ne? Kuma shin tana nufin in mutum ba shi da takardar shaida a abu sai ya ja bakinsa ya yi shiru? Yace shi ma an jefe shi da ita bayan ya yi wa wani gyara a cikin wata muhawara.

Toh ɗan uwa, ba hadisi bace, kar ma ka bari wani ya jingina ta ga Manzon Allah (SAW). Inda aka fi saninta shine bakin Hafiz Ibn Hajar al-Askalani, malamin hadisin nan na Alƙahira da aka haifa a shekara ta 773 bayan hijira ya rasu a 852, a cikin Fathul Bari, sharhin da ya yi wa Sahihul Bukhari. Kuma lafazinsa ba daidai yake da wanda ke yawo a bakin mutane ba, shi cewa ya yi "wa iza takallamal mar'u fi gairi fannihi ata bi hazihil aja'ib", idan mutum ya yi magana a wajen fanninsa sai ya zo da irin waɗannan abubuwan mamakin. Ka lura da "waɗannan" ɗin, akwai wani kuskure takamaimai da yake nuni da shi, ba haka kawai ya zauna ya ƙirƙiri karin magana ba. Kuma sai ka san kuskuren da wanda ya yi shi kafin ka gane maganar, dan mafi yawan masu amfani da ita yau ba su san a kan wa aka yi ta ba.

A Kitabul Hajji ne, babin addu'a a wajen jifan jamrori biyu na farko. Bukhari ya kawo hadisi ta hanyar Yunus daga Zuhri cewa Manzon Allah (SAW) in ya jefi jamrar da ke kusa da masallacin Mina yana jifa da tsakuwa bakwai yana kabbara, sai ya matsa gaba ya fuskanci alƙibla ya ɗaga hannu ya daɗe yana addu'a, haka a ta biyu, amma a ta Aƙaba in ya jefa wucewa yake yi ba ya tsayawa. Zuhri kuwa tabi'i ne, ya rasu 124, bai ga Annabi ba, dan haka in ka tsaya a farkon hadisin sai ka ce ai akwai giɓi a tsakani, abin da ake kira mursali. Amma a ƙarshe sai Zuhrin yace na ji Salim ɗan Abdullahi yana ba da "misla haza", irin wannan, daga babansa Abdullahi ɗan Umar daga Annabi (SAW). Kaga isnadin da ya rage, wato jerin maruwaitan, an kawo shi a ƙarshe, an dai gabatar da matanin ne, wato lafazin hadisin.

Sai Shamsuddin al-Kirmani, wanda ya riga Ibn Hajar yin sharhin Bukhari, ya zo wajen yace wannan hadisin mursalin Zuhri ne, kuma abin da aka ƙara a ƙarshe bai sadar da shi ba, dan Zuhri cewa ya yi Salim ya faɗi "irinsa", bai ce ya faɗi shi kansa ba, irin abu kuwa ai ba shine abun ba. In ka duba ta fuskar lugga da manɗiƙi wallahi magana ce mai kan gado, ba wanda zai ce mai kama da kai kaine. Matsalar ita ce masu hadisi suna da nasu yaren, a wajensu in an kawo matani da isnadi ɗaya sannan aka kawo wani isnadin aka ce "mislahu" toh matanin nan dai ake nufi, an guji maimaitawa ne kawai, duk wanda ya buɗe Sahihu Muslim zai ga haka shafi bayan shafi. Ibn Hajar ya faɗi wannan, yace babu saɓani tsakanin ma'abota hadisi cewa irin wannan sadajje ne, bai tsaya nan ba ya je ya ɗauko ruwayar Isma'ili ta wannan hadisin inda Zuhri yace na ji Salim yana ba da "wannan", babu kalmar "irin" a ciki sam. Sai da ya gama duk wannan sannan ya rufe da jumlar da ake ta yawo da ita.

Yanzu waye Kirmanin? Nan ne mutane suke kuskure, suna zaton da wani jahili ake. Mutumin nan an haife shi 717, ya rasu 786 a hanyarsa ta dawowa daga hajji, ya shekara kusan talatin yana karantarwa a Bagadaza, almajirin Adududdin al-Iji ne, gwani ne a usulu da balaga da nahawu da ilmul kalam, kuma sharhinsa na Bukhari, Alkawakibud Darari, Ibn Hajar da kansa ya ciro daga cikinsa a wurare masu yawan gaske, wani wajen ya yarda da shi wani wajen ya yi masa raddi. Da ya zo rubuta tarihinsa ma yace sharhi ne mai amfani, sai dai akwai kurakurai ta wajen naƙali saboda daga takardu ya ɗauko. Wannan ita ce gaɓar. Ba ƙwaƙwalwa Kirmani ya rasa ba, zama da masu sana'ar ne bai yi ba har ya san yadda suke magana a tsakaninsu.

Shi yasa ni a fahimtata maganar nan ba da jahili take ba tun asali. Jahili in ya yi katoɓara ba wanda zai yi mamaki, dariya za a yi a wuce. Abin mamaki sai daga mai ilimi yake fitowa, mutumin da ya saba in ya yi magana a fanninsa ana gyaɗa kai, ya saba kayan aikinsa suna yi masa aiki, sai ya ɗauke su ya shiga gonar wasu da su, kuma da yake ya iya jera hujja sai kuskuren ya fito tsaf-tsaf da ado, mai sauraro ba zai gane ba sai ɗan cikin gida. Kamar bakaniken da ya ƙware a inji ne, in ka kai masa matsalar wayar wutar mota ba zai ce maka bai sani ba, zai buɗe ya yi ta gwaje-gwaje da basirar inji har ya ƙona maka wani abun, alhali rewayan da ke rumfar kusa da shi kallo ɗaya zai yi ya gane fis ne ya tafi. Kuma mutane sun fi yarda da kuskuren babba fiye da na ƙarami, nan haɗarin yake.

Malaman da can ba su ɗauki wannan a matsayin zagi ba, abu ne da suka saba auna junansu da shi. Ka ɗauki Hafs ɗan Sulaiman, wanda ya rasu 180, mai ruwayar ƙira'ar da yau ta cika duniya, mu nan da muka tashi da Warshu a makarantar allo ma yanzu yawancin mus'hafan da ke masallatanmu na Hafs ne. Ibn Hajar ɗin nan dai a littafinsa na maruwaita yace Hafs "matrukul hadisi" ne, ba a karɓar hadisinsa, duk da kasancewarsa limami a ƙira'a. Mutum ɗaya, a Alƙur'ani hujja, a hadisi a ajiye shi gefe, kuma ba wanda yace wannan ya rage wa ƙira'arsa daraja, dan rayuwarsa a kan ƙira'ar ta ƙare a gaban malaminsa Asim, wanda mijin mahaifiyarsa ne. Haka Waƙidi a tarihin yaƙoƙi, ana amfana da faɗin saninsa amma ba a gina hukunci a kan hadisinsa. Imam Gazali shi da bakinsa yace jarinsa a ilimin hadisi kaɗan ne, kuma ga Ihya'u nan ana karantawa har gobe, sai da Hafiz al-Iraƙi, malamin Ibn Hajar, ya bi hadisan littafin ɗaya bayan ɗaya ya bayyana matsayinsu. Suyuɗi kuma, wanda muke sauraron Jalalaini ɗinsa duk azumi, wanda har wasiƙa ya rubuto wa sarakunan Katsina da Agadas, mutum ne da ba ya jin kunyar yabon iliminsa, ya lissafa fannoni bakwai da yace ya yi zurfi a cikinsu, tafsiri da hadisi da fiƙihu da nahawu da ma'ani da bayani da badi'i, amma da ya zo kan lissafi sai yace shine abu mafi wuya a gare shi, in ya duba mas'alarsa ji yake kamar dutse aka ce ya ɗauka. Ni wannan ta Suyuɗi tafi burge ni, dan ba mutum bane mai saurin sallamawa.

Tun zamanin sahabbai ma haka abun yake. A Bukhari an tambayi Abu Musa al-Ash'ari rabon gadon wanda ya bar 'ya da 'yar ɗa da 'yar uwa, yace 'ya rabi 'yar uwa rabi, amma ku je wajen Ibn Mas'ud. Ibn Mas'ud yace a'a, hukuncin da Annabi (SAW) ya yi shine 'ya rabi, 'yar ɗa sudusi cikon sulusi biyu, abin da ya rage na 'yar uwa. Da aka komo aka faɗa wa Abu Musa sai yace kar ku ƙara tambayata matuƙar wannan masanin yana cikinku. Shi ma Imamu Malik da muke bin mazhabarsa an ruwaito an yi masa tambayoyi 48 yace "la adri", wato ban sani ba, a 32 daga ciki. Kuma ko a nan ƙasar Hausa tsarin da ya gabata haka yake, mai neman Alƙur'ani gabas yake yi, mai neman nahawu da lugga ya nufi Zariya, a gari ɗaya ma ɗalibi zai ɗauki Risala a wannan zauren da asuba, da hantsi ya tafi wani zauren ɗaukar Alfiyya, kuma gwani ko gangaran da ya rubuta Alƙur'ani da ka ba ya jin ya faɗi in ya tura ka wajen malamin fiƙihu a kan mas'alar saki. Yanzu ne dai da makirfo da waya suka yawaita aka koma mutum ɗaya shine mai tafsiri, shine mai fatawa, shine masanin tattalin arziki, shine likita, gobe in an yi girgizar ƙasa shi za a tambaya kuma zai amsa.

Toh sai ɓangare na biyu na tambayarka, shin ma'anarta in ba ka da takarda ka yi shiru? A'a. Fanni a wajen mutanen nan ba kwali bane, zama ne da ma'abota abun har ka san ƙa'idojinsu da isɗilahinsu da inda suka yi saɓani da inda suka gama magana. Kuma ƙofar a buɗe take. Ibn Hajar kansa da adabi da waƙa ya fara, daga baya ya juya ga hadisi, ya lizimci Iraƙi kusan shekara goma, ya yi tafiya Sham da Hijaz da Yaman, Fathul Bari kuwa ya fara shi 817 bai gama ba sai 842. Sibawaihi ma ai ɗalibin hadisi ne a Basra, ya yi kuskuren i'irabi a gaban malaminsa Hammad ɗan Salama aka gyara masa cikin mutane, yace zai je ya nemi ilimin da ba wanda zai sake kama shi da kuskure a cikinsa, ya tafi ya zauna gaban Khalil malamin nahawu, yau duk mai nahawu almajirin Sibawaihi ne. Ba wanda yace masa kai ɗan hadisi ne ka tsaya a hadisinka. Abin da aka hana shine tsallake zaman, ka karanta littafi biyu da fassara ko ka kalli bidiyo uku ka fito kana warware abin da masu fannin suka yi ittifaƙi a kai.

Sannan akwai bambanci tsakanin naƙali da ijtihadi. In kai injiniya ne kace malam wane a littafi kaza yace hadisin nan da'ifi ne, ga shafi, ba ka fita daga fanninka ba, saƙo ka isar, kuma ko yaro ne ya kawo irin wannan gyaran dole a duba. Amma in kace kai ka duba hadisin hankalinka bai kama ba dan haka ba ingantacce bane, toh ka shiga sharo ba shanu. Haka ta ɗaya ɓangaren, malamin da yace likitoci sun ce mai ciwon suga da ke kan allurar insulin azumi na iya jefa shi cikin haɗari, ya yi daidai, wanda kuwa ya hau mumbari yace ciwon suga zuma da habbatus sauda sun ishe shi a ajiye maganin asibiti, wannan ya zo da aja'ib ɗin da ake faɗa, kuma nasa ya fi na Kirmani muni nesa ba kusa ba dan shi rai ne a ciki. Mu da muka ga 2014 lokacin Ebola, dare ɗaya saƙo ya zagaya ƙasar nan cewa a yi wanka da ruwan gishiri a sha, manyan mutane masu ilimi a nasu fannin suka dinga buga wa 'yan uwa waya da tsakar dare, aka kwantar da mutane a asibiti wasu ma suka rasa ransu.

Abin da ya fi ba ni haushi shine yadda aka mayar da maganar sanda. Mutum ya kawo gyara da hujja, maimakon a amsa hujjar sai a ce kai waye, a ina ka yi karatu, man takallama fi gairi fannihi. Wanda ya yi haka ya juya maganar Ibn Hajar ne ƙasa a sama. Shi sai da ya kawo ƙa'idar masu hadisi, ya kawo misali, ya kawo ruwaya ta biyu da ta yanke gardama, sannan ya yi wannan tsokacin a matsayin bayanin dalilin da yasa babban mutum ya faɗa ramin. Bai ce kar a saurari Kirmani dan ba ɗan hadisi bane, da haka ne da bai cika littafinsa da maganganunsa ba. Kuma shi kansa Ibn Hajar bai tsira ba, Badruddin al-Aini, Bahanafen zamaninsa mai Umdatul Ƙari, ya bi shi da raddi a wurare da dama musamman ta wajen nahawu da lugga, har Ibn Hajar ya rubuta littafi na musamman yana mayar da martani. Dan haka wanda ya jefe ka da maganar nan, tambaye shi cikin ladabi, wace ƙa'ida ce ta fannin na saɓa? In ya nuna maka, ka gode masa ka karɓa, ya yi maka abin da Hammad ya yi wa Sibawaihi. In ba shi da abin nunawa sai maimaita Larabcin, toh shi ma aron maganar ya yi.

Akwai kuma mas'alolin da ba na fanni ɗaya bane, kuma su ne suka fi yawa a zamanin nan. Abin shaƙa na masu asma yana karya azumi ko ba ya karyawa, dashen ƙoda, kuɗin kirifto, inshora, tsarin bankuna, ganin wata da lissafin falaki. A nan babu mai iya cewa gonata ce ni kaɗai. Malaman usulu suna cewa hukunci a kan abu reshe ne na fahimtar surarsa, malamin fiƙihu ba zai iya cewa halal ko haram ba sai likita ko masanin kuɗi ya bayyana masa yadda abun yake aiki, shi kuma likitan sanin da ya yi wa huhu bai ba shi ikon cewa azumi ya karye ba. Shi yasa majalisun fiƙihu na duniya kamar ta Jidda suke gayyato likitoci da masana tattalin arziki su yi bayani kafin a fitar da matsaya. An ruwaito A'amash, babban malamin hadisi na Kufa, an yi masa tambaya sai Abu Hanifa ya amsa, A'amash yace masa daga ina ka samo wannan, Abu Hanifa yace daga hadisin da kai ka ba mu, sai A'amash yace ku malaman fiƙihu ku ne likitoci mu kuma masu haɗa magani ne. Ko Manzon Allah (SAW), a hadisin barbarar dabino da ke Muslim, da ya yi tsokaci a kan abin da manoman Madina suke yi suka bari dabinon bai yi kyau ba, cewa ya yi ku ne mafi sanin al'amarin duniyarku.

Wani abun da ya kamata ka sani, a shari'a wannan ba nasiha bace kawai ta ladabi, akwai wuraren da take da hukunci. A Abu Dawud akwai labarin sahabin da dutse ya fasa wa kai a tafiya, ya wayi gari da janaba, ya tambayi abokan tafiya ko yana da rangwamen taimama suka ce babu tunda ga ruwa, ya yi wanka ya rasu, da labari ya kai ga Annabi (SAW) yace sun kashe shi, me ya hana su tambaya tunda ba su sani ba. Sannan ga hadisin Amru ɗan Shu'aibu da Abu Dawud da Nasa'i da Ibn Majah suka kawo, wanda ya yi aikin likitanci alhali ba a san shi da likitanci ba toh shine mai lamuni, wato shi zai biya abin da ya ɓata. Ibn Rushd, Bamaliken Ƙurɗuba, da ya zo wannan babin ya kawo misalin mai kaciya da ya yi kuskure ya yanke kan gaba, yace ko ƙwararre ne akwai diyya a kan kuskuren, in kuwa dama ba ma'abocin aikin bane toh babu saɓani cewa zai yi lamuni dan shi ta'addi ya yi. Kaga wannan ya hau kan mai kemis ɗin da ke ɗaura wa mutane ruwa da yin allurar jijiya a bayan kanta, ya hau kan wanzamin da bai koya a hannun kowa ba ya sayi aska ya fara cire belu, kuma yardar da majinyacin ya ba shi bisa zaton ya iya ba ta sauke masa lamunin.